Wadda Ta Shiga Silima Da Rigar Yayanta

Shafi na 14

Masu cewa na cika jan rai, da masu cewa in sassauta wa Almu, duk na ga saƙonninku. Ga na yau, kowa ya yanke hukunci da kansa.

Wanda ya tarar da mu a tsakiya: Katsina muke, shekarar Udoji, da aka ƙara wa ma'aikata albashi. Saura kwana tara a kawo sadakin Malama Safara'u, 'yar Malam Babaji na Gobarau. Jiya Laraba ta raka ɗalibanta kallon wasan kwaikwayo a ɗakin taro na kwaleji, wasan da saurayinta Almu ya shirya da 'yan ƙungiyarsu. Ta shiga tana dariya, ta fito ba ta magana.

*

Ƙarar babur ɗin ta riga shi isowa, kamar kullum. Sabo ne, ja, ko ledar sirdin bai cire ba. Rabin ma'aikatan garin sun sayi irinsa a bana.

Safara'u ba ta jira an yi sallama da ita ba. Tun da aka idar da la'asar take zaune a zaure. Ta shimfiɗa masa tabarma, amma ba ta kawo ruwa ba, ba ta shafa turare ba.

Almu ya jingine babur, ya tuɓe takalmi, ya shigo da fara'arsa.

"Salamu alaikum. Ranki ya daɗe, Malama. An wuni lafiya?"

"Lafiya."

"Ya gajiyar jiya?"

"Babu."

"Ya Malam? Ya su Inna?"

"Lafiya lau suke."

Ya jira ta tambayi nasa mutanen. Ba ta tambaya ba.

Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Na hango ki jiya ta bayan labule. Layi na uku, kusa da Malama Tani. Kin ga yadda ta riƙa dukan benci? Wallahi na ɗauka sai an yayyafa mata ruwa."

"Na gani."

"To? Wata uku muna gwaji a gindin bishiyar bedi, rana na dukanmu, awaki na kallonmu, ko sannu ba za a ce mini ba?"

"Sannu."

"Kai, wannan sannun ko gishiri babu." Ya yi dariya shi kaɗai. "Gwadabe fa ya cinye wasan nan. Ƙato da shi, ga gashin ƙirji, ya ɗaura zane ya kashe ɗankwali wai shi ce Furera. Da ya ce wa saurayin ba ya sauraron zance sai an zagaya bishiya ana masa waƙar Indiya, har shugaban kwaleji sai da ya cire tabarau. Balle wurin da ta saci rigar yayanta ta shiga silima..."

"Wace irin riga?"

Almu ya tsaya.

"Na'am?"

"Rigar da ta sata. Wace iri ce?"

Ya dubi hular da ke gwiwarsa.

"Ruwan ƙasa," ta ce. "Mai aska biyu. Da faci a aljihun hagu, inda dutsen guga ya ƙona. Gwadabe ya ɗaga facin ya nuna wa jama'a, suka yi masa tafi."

Daga maƙwabta rediyo na tashi, filin zaɓi sonka, an sa wata waƙar Indiya mai sarewa. Ba wanda ya kula ta a cikinsu.

*

Shekara biyu ke nan da abin ya faru.

Malam ya tafi ta'aziyya Daura, ya kwana can. Bayan isha'i Safara'u ta zare rigar yayanta Garba daga kan igiya, ta tura gashinta cikin hularsa, ta bi bayan wasu samari ta yanki tikiti. Rabin fim kawai ta gani. Da yarinyar fim ɗin ta fashe da kuka ita ma ta fashe, da muryar mace, a tsakiyar benci cike da maza. Ta tashi ta gudu.

Ba wanda ya ga fuskarta. Amma Tanko tela ya ga bayanta a bakin ƙofa, kuma tela ba ya mance ɗinkinsa. Ya gaya wa Malam ya ga Garba. Shi Tanko me ya kai shi ƙofar silima, ba wanda ya tambaya.

Garba ya ce ba shi ba ne. Ya dafa Alƙur'ani ya ce ba shi ba ne. Malam ya ce shiga silima ƙuruciya ce, bulala na maganinta, amma mai rantsuwa kan ƙarya ba ya kwana a gidansa.

Tun ranar Garba yake haya a Ƙofar Sauri, yana gyaran rediyo. Yakan zo ya durƙusa a bakin zauren nan ya yi gaisuwa, Malam ya ci gaba da jan carbi.

Mutum ɗaya Safara'u ta taɓa gaya wa gaskiya. Ga shi nan zaune a kan tabarmarta.

*

"Na canza suna," Almu ya ce. "Furera na sa. Na ce a Zariya aka yi."

"Ka canza suna, ka bar faci."

"Ba haka na shirya ba. Tsaya ki ji yadda muke aiki."

"Ina ji."

"Mu ba mu da takarda. Ba a rubuta komi. Ni ƙashin labari nake kawowa, mu zauna, in ce kai ne uba, kai ne ɗa, kai Gwadabe ɗaura zane. Kowa ya sa nasa naman. Rannan Gwadabe ya tambaye ni rigar wace iri ce, don ya san abin da zai aro. Na buɗe baki, abin da ke cikin kaina ya fito."

"Telan fa?"

"Suka ce to wa ya gan ta. Dole wani ya gan ta, in ba haka ba babu wasa."

"Sai ka ce tela."

"Sai na ce tela."

"Rantsuwar fa?"

"Ba mu sa Alƙur'ani ba, Safara'u. Kin gani da idonki. Da aradu yayan ya rantse."

"Na gani. Aka buga tasa a bayan labule wai tsawa ce, ya faɗi yana shure-shure. 'Yan ajina suka yi dariya har suna riƙe ciki. Zainab ƙarama ta jawo gyalena ta ce, Malama, ke ba ki dariya?"

"Mi kika ce?"

"Na yi. Mi zan ce? Na buɗe baki na yi dariya. An kori yayana daga gida a gabana karo na biyu, ina tafi."

Almu ya juya hular, ya sake juya ta.

"Ba wanda ya gane."

"Yaushe za ku sake?"

"Asabar. A fili za a yi, don jama'ar gari. An riga an manna takardu har bakin kasuwa."

"Ka cire."

"In cire mi?"

"Silimar. Rigar. Yayan. Telan."

"In na cire mi ya rage? Gwadabe da zane yana zagaya bishiya?"

"Ya zagaya har ya faɗi."

"Ba ki san 'yan wasa ba. Abin da ya ba da dariya sau ɗaya ba ya ciruwa. Ko na tara su na ce a bari, kowa ya ce to, in Gwadabe ya hau dandamali ya ga jama'a sun buɗe baki suna jira, bakinsa zai kai shi can da kansa. Ba ni da linzaminsa. Ba takardar da zan nuna masa in ce nan ka kauce."

"Shi ya sa na tsani wasanku."

"Da ba haka kike cewa ba. Wanda muka yi na likitan bogi, sati biyu kina kwaikwayon tafiyarsa."

"Da ba ni ce a ciki ba."

"Kullum akwai wani a ciki. Likitan bogin ma maƙwabcin wani ne."

"To ai ka gani."

Ya yi tsaki a hankali, ba da ita ba, da iska.

"Na sani. Ke dai a bar ki da Indiya. A sace wa mutum mata, maimakon ya bi sawu, ya hau dutse ya yi waƙa minti goma."

"E. Na fi so."

"Ruwan sama na zuba a kansu, su yi ta rawa, ba mai yin mura."

"Na fi so."

"Su fara da faɗa a tashar jirgi, ta kwaɗa masa jaka, kowa a silima ya san aure za su yi, amma sai an riƙe mu awa uku."

"Wannan ma na fi so. Shi na fi so duka."

"Ƙarya ce fa, Safara'u, tun daga farko har ƙarshe."

"Na san ƙarya ce. Ka ɗauka ban sani ba? Ni malamar makaranta ce, na san mutum ba ya canza riga sau biyar a waƙa ɗaya." Ta gyara gyalenta. "Amma waɗanda ake yi wa dariya a silima suna can ƙasarsu. In an tashi, a naɗe su a zuba a gwangwani a mayar Ikko. Ba sa bin lungunmu su tafi makaranta da safe. Ba su da uba a Gobarau."



Wata babbar mota ɗauke da siminti ta wuce ta bakin titi, bangon zauren ya ɗan girgiza, ƙasa ta zubo daga azara.

"Kin san fim nawa na kalla saboda ke?" ya ce. "Sun fi ɗari. Tunda kika ce ba za ki sake taka ƙofar can ba, ni nake zuwa, in zauna sauro na cizona, don in zo nan in ba ki labari. Rabinsu barci nake. In na farka in tambayi na kusa da ni wa ya mutu. Fim ɗin kaboyi ma ya fi mini, ko ba komi in an harbi mutum yakan mutu, ba ya tsayawa wasiyya da kiɗa."

"Ban sa ka ba."

"Ba ki sa ni ba. Ni na ga in ina ba ki labarin idonki na haske."

"To yau ka ga ya yi haske?"

"Amma jiya," ya ci gaba kamar bai ji ba, "da uban ya nuna wa ɗan ƙofa, kin ji yadda ɗakin ya yi tsit? Kafin Gwadabe ya dawo da dariya. Wani dattijo a baya ya ce, kai, uban nan ya yi gaggawa. Da ƙarfi ya faɗa, kowa ya ji. Fim ɗari na kalla, ban taɓa jin Bakatsine ya faɗi haka ba. Sai dai fito da ihu."

Safara'u ta ɗago kai.

A karo na farko tun da ya shigo ta dube shi sosai.

"Almu."

"Na'am."

"Da gangan ka yi."

"A'a."

"Dube ni ka faɗa."

Bai dube ta ba.

"Ban shirya ba," ya ce. "Wallahi ban shirya ba. Amma da ya fito, ban hana ba."

"Don mi?"

"Wata uku da suka wuce rediyona ya lalace, na kai wa Garba. Ya gyara, na miƙa masa abin hannu, ya ture. Ya ce ai kai na gida ne yanzu. Ɗakinsa katifa ce ɗaya da akwati, sai gawarwakin rediyo. Ya rako ni har bakin hanya. Kin san mi ya ce?"

"Ban son ji."

"Ya ce in gaishe ki. Ya ce in riƙe ki da kyau, don a duk gidan nan ke kaɗai kika yarda ba shi ba ne."

Ta kau da kai wajen bango.

"Na hau babur, na rasa inda gida yake," Almu ya ce. "Washegari muka zauna gwaji, suka ce Almu kawo labari. Shi kaɗai ne a kaina."

"Sai ka naɗa kanka alƙali."

"Ban naɗa ba."

"Amana na ba ka. A nan, a kan tabarmar nan. Ina kuka, ka ce ko da wuƙa a wuyanka."

"Na ce."

"Ba wuƙa aka sa maka ba. Gwadabe ne ya tambaye ka launin riga."



"A fim ɗin da kake rainawa," ta ce, "sai a ɗaure namiji a jikin ginshiƙi, a yi ta dukansa har jini, ba zai faɗi sirrin yarinya ba."

"A fim. In an gama ya wanke jan fenti ya tafi gida ya ci abinci. Shi Garba yaushe za a gama nasa?"

"Zan gaya wa Baba."

"Yaushe?"

"Bayan biki."

"Bara kin ce bayan Sallah."

"Na ce bayan biki!"

"Da Sallar ta wuce kin ce sai an gama jarrabawa."

"Kai ba ka san Baba ba."

"Na san shi."

"Ba ka san shi ba. Ka san mai amsa gaisuwarka. Ni na ga ranar. Garba na riƙe da ƙafarsa, ya zare ƙafar kamar wanda ya taka ƙazanta. Ɗansa namiji ke nan, na fari. Ni fa? Mace, a silima, da kayan maza, na bar shi ya kori mai gaskiya, na zuba masa ruwan alwala shekara biyu ban ce uffan ba. Mi kake tsammani zai yi?"

"Ban sani ba."

"Za a cire ni daga koyarwa kafin sati ya zagayo. Wace uwa za ta bar mini 'yarta? Baffanninka kuma, su da suke alfahari za su auro 'yar gidan malamai?"

"Ni ban fasa ba."

"Ba kai kake ɗaura auren ba."

Wannan gaskiya ce, kuma ya sani. 

Safara'u ta goge ido da bakin gyale, sau ɗaya. Da ta sake magana muryarta ta koma irin ta aji.

"Ga abin da za a yi. Ka je wurin Gwadabe yanzu, ka ce wasan Asabar ya fasu. Ka ce ba ka da lafiya, ka ce an hana ku fili, ka faɗi abin da ka ga dama, ai ƙirƙira sana'arka ce."

"Mutum goma sha ɗaya ne a ƙungiyar nan. Wata uku..."

"In aka yi wasan nan ranar Asabar, ka gaya wa baffanninka su sha zamansu. Kada su wahalar da kansu da goro."

"Safara'u."

"Na gama."

"In na fasa kuma? Garba ya ci gaba da durƙuso?"

"Wannan tsakanina da yayana ne. Ba na ƙungiyarku ba ne."

Almu ya ɗauki hular ya sa, ya sake cirewa.

"To," ya ce. "Zan je. Amma ki sani..."

Bai ƙarasa ba. Hasken ƙofa ya ragu.

*

A gidan Malam Babaji akwai tsari. In Malam ya dawo daga masallaci ya hango babur a ƙofa, tun daga kan kwana yake gyaran murya. Safara'u ta shige cikin gida, Almu ya fito waje ya durƙusa. Malam ya amsa gaisuwa yana kallon gaba, ya wuce. Wata bakwai ana haka. Uba ba ya ganin zancen 'yarsa, ko da ya gani.

Yau ba a yi gyaran murya ba.

Malam na tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu, takalmansa a ƙafa.

Almu ya zame daga kan tabarma ya durƙusa a ƙasa.

"Allah gafarta Malam. Barka da yamma."

"Barka kadai."

"An wuni lafiya?"

"Lahiya lau."

Safara'u ta miƙe za ta shige.

"Zamna," Malam ya ce.

Ta tsaya da hannu a kan asabarin ƙofar ciki.

"Da ke nike. Zamna."

Ta zauna a inda take, a ƙasa, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Malam ya tuɓe takalmi, ya zauna a kan dakalin zaure. Ya daɗe yana gyara bakin rigarsa a kan gwiwa.

"Almu."

"Na'am, Malam."

"An ce kai ne shugaban masu wasan ga."

"Ba shugaba ba ne, Malam. Taimakawa dai nake."

"Ni ban san wasa ba. Ban taɓa zuwa ba, ba ni zuwa. Silima kuwa ko ƙoharta ban bi. In ka ce in zaɓa tsakaninsu, sai in ce duka a zuba rijiya. Ka san haka tun kahin ka hwara zuwa nan, na kuma bar ka, don an ce mini kana salla."

"Haka ne, Malam."

"Abin da na sani, in an idar da la'asar mukan ɗan zamna ƙohar masallaci."

Ba wanda ya motsa.

"Yau Tanko tela ya ce jiya ya tahi kallo. Ya ce tun da uwarsa ta haihe shi bai yi dariya irin ta jiya ba. Muka ce ba mu mu sha. Ya hwara. Yana yi yana share hawaye, har Liman na murmushi. Wai wata ɗiya ce ba ta sauraron saurayi sai ya yi mata waƙar Indiya."

Malam ya ja ƙwayar carbi ɗaya.

"Da ya kai wurin riga, sai ya rage dariya."

Ya ja wata.

"Da ya kai wurin hwaci a aljihu, sai ya bari."

Safara'u na kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero a gefen tabarma.

"Da ya kai wurin telan da ya kai ƙara, sai ya tsaya da baki buɗe. Jiya yana cikin dariya bai ji ba. Yau da ya hito daga bakinsa, ya ji. Ya tashi ya ɗauki takalmansa a hannu, ko sallama bai yi muna ba."

"Malam..."

"Ban gama ba. Liman ya ce wa ya san ƙarshen shi ƙarasa muna. Kowa ya duƙar da kai. Ni ban buƙaci a ƙarasa mini ba. Ƙarshen, ni na yi shi da hannuna."

Rediyon maƙwabta ya koma labarai. Wani yana magana kan tashar jiragen ruwa da ta cika.

"Zan tambaye ka," Malam ya ce. "Ba ni sa ka rantsuwa. Na taɓa sa wani, ya yi, ban karɓa ba. Tambaya ce kawai. Ina ka samo labarin ga?"

Almu ya kafe idonsa a ƙasa. Ya san in ya ɗaga kai, ko da ƙiftawa ɗaya ce wajen ƙofar ciki, ya ba da amsa.

"Ƙirƙira ce, Malam. Haka muke yi. Mu zauna kowa ya kawo nasa."

"Ƙirƙira."

"E, Malam."

"Ƙirƙira ta san ruwan ƙasa, na yarda, rigar duniya ce. Ta san aska biyu, na yarda. Ƙirƙira ba ta san aljihun hagu ba."

Gumi ya tsattsafo a bayan wuyan Almu, ya gangara cikin kwalar rigarsa.

Shi ne mai cewa jaruman Indiya ƙarya suke sayarwa. Shi ne mai cewa ba namijin da ke tsayawa a dake shi don sirrin wata. 

"A gidanmu aka yi, Malam."

"Gidanku."

"E. Da daɗewa. Ƙanwata ce ta yi. Na ji kunyar faɗa ne. Rigar ma irin ta wana ce, aka yi dace, Allah ne ya haɗa. Ku gafarce ni, ban san zai yi kama da..."

"Almu."

"Na'am."

"Kahin in bar ka ka taka zauren ga, wata biyu na yi ina bincike. Na aika Ƙohar Durɓi, na aika ƙauyen kakanninka. Na san wanda ya yi maka wankan jego, na san malamin da ya rubuta maka allo." Malam bai ɗaga murya ba. "Ku shidda ne wurin ubanka. Duka maza."

Almu ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Ko ɗiyar baffa..."

Malam ya ɗaga hannu.

"Kada ka ƙara. Guda ta isa."

Sannan ya juya. Tun da ya shigo bai dubi wajen ƙofar ciki ba sai yanzu.

"Safara'u."

"Na'am, Baba."

"An ce makarantarku ta kai yara kallon nan jiya."

"E, Baba."

"Ke kika raka su."

"E."

"Kin gani tun daga hwarko har ƙarshe."

 Ta gyaɗa kai.

"Madalla. Tanko ya gudu ya bar ni a tsakiya, wannan kuma ya ce ƙanwarsa ce."

"Malam, don Allah, ni ne mai laifi, ni..."

"Kai ka yi naka."

Malam ya ajiye carbin a gefensa a kan dakali, ya harɗe hannuwa a kan gwiwa.

"Ke ba ni labarin. Kada ki tsallake komi. Ina jin ki."